Nasiha Ga Matasan Kirista Na Nguru Da Gashuwa A Kan Ranar Ubangiji

Ya ku 'ya'yana da ƙannena, samari da 'yan mata masu bin Almasihu a Nguru da Gashuwa da ƙauyukan da ke gefen kogi, ina roƙon Allah Maɗaukakin Sarki, wanda ya yi rana domin neman abinci, ya yi dare domin hutawa, ya sa abin da zan faɗa ya zama mai amfani a gare ku. Mas'alar da nake so mu tsaya a kanta ita ce wadda ke damun da yawa daga cikinku tun ranar da kuka fara cin guminku, wato yadda Kirista zai kiyaye alfarmar ranar Lahadi alhali kuwa sana'ar da yake ci da ita ba ta san Lahadi ba.

Kun dai san ƙasar da muke zaune. Ofisoshin gwamnati da bankuna da makarantun boko suna rufewa ran Lahadi, amma in ka ɗauke su, sauran harkoki suna nan suna gudana kamar kullum: kasuwa na ci, tasha na lodi, masunta na kan ruwa, masu lambu na ban-ruwa, asibiti kuwa ba a kulle ƙofarsa. Galibin maƙwabtanmu Musulmi ne, babbar ranarsu Juma'a ce, saboda haka ba laifinsu ba ne idan sun zo neman magani ko kayan gyaran mota da hantsin Lahadi, suka tarar da shago a rufe, suka wuce na gaba. Kasuwannin mako kuma sun rarraba ranakun nan bakwai a tsakaninsu ba su bar ko ɗaya ba, har kasuwar mako ta Damaturu ma ran Lahadi take ci. Wannan hali ba yau ya fara ba. Tun da layin dogo ya iso Nguru daga Kano a 1930, aka shiga lodin gyaɗa da ƙaro da fatu da shanu zuwa kudu, akawuna da ma'aikatan jirgi da 'yan kasuwa Kirista suka riƙa zuwa suna zama, abin da kuka tarar shi suka tarar, wato gari inda tilas mutum ya tsare ranarsa da kansa, domin garin ba zai tsare masa ita ba.

Matasanmu sun kasu kashi biyu a kan wannan al'amari, kowane kashi kuwa yana da nasa haɗari. Akwai waɗanda aiki yake hana su zuwa sujada, zuciyarsu kullum tana zarginsu, suna ganin sun zama masu saɓo, har kunya ta sa ko ranar da suka sami dama ba sa iya shiga majami'a. Akwai kuma waɗanda suka sami kalmar aiki ta zama musu garkuwa, duk wanda ya ce kwana biyu ba a gan su ba sai su ce ai aiki ne, alhali da za a bincika, da an ga ba wanda ya tilasta musu. Abin da nake so ku riƙe daga wannan nasiha guda ɗaya ne: duk Lahadin da ta same ku a bakin aiki, ku tambayi kanku tsakaninku da Allah, wa ya karɓe muku ita, larura ce ko kwaɗayi? In larura ce, ku yi aikin da zuciya ɗaya ba tare da fargaba ba, sa'an nan ku nemi taron 'yan'uwa da hutun jiki a wani lokacin. In kuwa kwaɗayi ne, ku rufe shago ku tafi sujada.

Domin a fahimci wannan, wajibi ne a koma ga asali. Dokar hutu tana cikin Dokoki Goma da Allah ya ba Annabi Musa, an kuma ambace ta sau biyu a Attaura, kowane da nasa dalili. A littafin Fitowa dalilin shi ne halitta, cewa Allah ya yi aikinsa cikin kwana shida ya huta a na bakwai. A Maimaitawar Shari'a kuwa dalilin shi ne bauta, wato a tuna cewa Bani Isra'ila sun yi zaman bayi a Masar, inda ba mai tambayar ko sun gaji. Ku lura da waɗanda dokar ta lissafa: ɗa da 'ya, bawa da baiwa, baƙon da ke cikin gari, har sa da jaki. Ashe ke nan tun farko hutun nan rahama ce da aka saukar domin mai rauni, don kada mai ƙarfi ya matse shi har ya ƙare. Kuma sa'ad da suke cikin jeji suna cin manna, wanda ya yi haɗama ya ajiye ta kwana sai ta yi tsutsa, amma ran jajibirin hutu sai a ba su rabon kwana biyu, ya kwana lafiya ƙalau, don su koyi cewa arziki a hannun Allah yake, ba a yawan kai-da-kawowa ba.

Da Almasihu ya zo, ya tarar malaman Attaura da Farisiyawa sun kewaye wannan rahama da ƙa'idodi har ta zama kaya mai nauyi. Sun zargi almajiransa don sun zagi zangarniya sun ci ran Asabar, wato ranar hutunsu, saboda yunwa, sun zarge shi shi kansa don ya warkar da matar da ta yi shekara 18 a tanƙware. Amsar da ya ba su ita ce hujjarmu har yau: ya tuna musu cewa firistoci suna hidima a Haikali ran Asabar ba a ɗora musu laifi, kowannensu kuma yana kwance sansa ko jakinsa ya kai shi shan ruwa, in dabbarsa ta faɗa rijiya ba ya jira gari ya waye. Ya nuna musu cewa domin amfanin ɗan Adam aka kafa ranar. Daga nan ne malaman ikilisiya suka fitar da hukuncin cewa aikin larura da aikin jinƙai halal ne a ranar hutu, bal ma wani lokaci barinsu shi ne zunubin.

Akwai kuma wani abu na tarihi da ya kamata ya kwantar muku da hankali, ya kuma kunyata malalaci. Kiristocin farko sun zaɓi ranar farko ta mako domin a cikinta Ubangiji ya tashi daga matattu, amma kusan shekara 300 Lahadi ranar aiki ce a daular Rum, da yawa daga cikin masu bi kuwa bayi ne da leburori waɗanda ba su da ikon cewa yau ba za su fita ba. Shi ya sa littafin Ayyukan Manzanni ya nuna mana taron Taruwasa da dare, a ɗakin bene mai fitilu da yawa, inda Manzo Bulus ya yi ta jawabi har tsakar dare, har barci ya kwashe wani saurayi ya faɗo daga taga. Wajen shekara ta 112, gwamnan Bitiniya mai suna Filini, a ƙasar da ake kira Turkiyya yanzu, ya rubuta wa Sarki Tarajan cewa Kiristoci suna taruwa a wata ƙayyadaddiyar rana tun kafin gari ya waye, su yi waƙar yabo ga Almasihu, su ɗauki alkawarin ba za su yi sata ko zina ko cin amana ba, sa'an nan su watse. Wajen 150 kuma Yustin Shahidi ya bayyana yadda ake taron Lahadi a birnin Rum, ya ce bayan an gama, dikinoni sukan ɗauki rabon Jibin Ubangiji su kai wa waɗanda ba su sami zuwa ba. A 304, a garin Abitina cikin ƙasar Tunisiya ta yanzu, an kama masu bi 49 saboda sun yi taron Lahadi bayan sarki ya hana, suka zaɓi mutuwa a kan su daina. Sai a 321 Sarki Kustantin ya yi dokar hutun Lahadi ga alƙalai da mutanen birni da masu sana'a, shi ma kuwa ya togace manoma, domin shuka ba ta jiran kowa. Magabatan nan sun rasa hutu, amma ba su taɓa yarda sun rasa taro ba.

To, bari mu zo gida, mu rarrabe aikin Lahadi kashi uku. Na farko shi ne wanda rai ko lafiya ko amanar jama'a ta rataya a kansa. Ku ɗauki 'yar'uwarmu ma'aikaciyar jinya a asibitin tarayya na Nguru, wadda jadawali ya sa mata aikin safe ran Lahadi. Tun da asuba ta karɓi aiki daga ta dare, ta bi gado-gado tana duba wanda ƙarin ruwansa ya ƙare, ta juya tsohon da ba ya iya juya kansa, ta lallashi yaron da zazzaɓi ya galabaitar har ya haɗiye magani, a daidai sa'ar da 'yan'uwanta suke raira waƙa a majami'a. Wane ne zai ce wannan baiwar Allah ta karya doka? Aikin da Ubangijinta ya yi ran Asabar shi take yi. Haka ɗan sandan da ke tsaye a ƙofar majami'a cikin rana, wanda sau da yawa ma Musulmi ne, domin waɗanda ke ciki su yi addu'a hankali kwance, musamman tun bayan fitinar da ta auka wa Damaturu da wasu garuruwan Yobe daga 2011. Haka manomin fadama da tattasai ko albasarsa za su ƙone cikin zafin bazara in bai tada injin ban-ruwa ba, ko wanda jan-baki suka sauka wa shinkafa tana gab da nuna. Irin waɗannan su yi aikinsu da niyyar ibada. Sai dai malaman fiƙihu na ƙasarmu suna da wata ƙa'ida mai kyau da ta dace da mu duka, cewa ita larura gwargwadonta ake ɗauka. Wanda ban-ruwan awa biyu da asuba zai ishe shi, kada ya mai da shi wuni guda har da shira da kai kaya kasuwa.

Kashi na biyu shi ne na wanda ke ƙarƙashin wani: yaron shago, ɗan koyon kanikanci, mai aiki a gidan mai ko gidan burodi, direban motar haya. Nasihata gare ku ita ce ku yi magana tun ranar da ake ɗaukar ku, cikin ladabi, ku ce wa maigida, ranka ya daɗe, ni Kirista ne, ina roƙon a bar mini safiyar Lahadi in je sujada, zan biya da duk lokacin da ka ga dama. Abin da aka yi sharaɗinsa tun farko ya fi sauƙin tsarewa a kan wanda aka tsiro da shi daga baya. Mafi yawan iyayen gida a ƙasar nan mutane ne masu girmama ibada, sun fi amincewa da yaron da ke tsoron Allah a kan wanda ba ya fuskantar ko'ina. Ku kuma yi musanya da abokan aikinku Musulmi: ku tsare musu wurin aiki ran Juma'a su tafi masallaci, da ranakun Salla ƙarama da babba, da lokacin buɗa-baki cikin azumi, su kuma su tsare muku safiyar Lahadi da Kirsimeti da Ista. Wannan kyakkyawar mu'amala ce da ma'aikata suka daɗe suna yi a asibitoci da sauran wuraren aiki, alheri kuwa danƙo ne, ba ya faɗuwa ƙasa banza. Ku sani kuma Dokar Ƙwadago ta Nijeriya ta ba ma'aikaci hutun yini guda cur, awa 24 a jere, cikin kowane kwana bakwai, in an rage masa a rama masa ko a biya shi, sashe na 38 na tsarin mulkin 1999 kuma ya tabbatar wa kowa 'yancin yin addininsa. Amma kada ku fara da doka, ku fara da hali. Yaron da yake makara ran Litinin, yake ha'inci ran Talata, ba shi da bakin neman alfarmar Lahadi. Wanda kuwa maigida ya san ko kwabo ba ya ɓata a hannunsa, da wuya a hana shi awa uku.

Kashi na uku shi ne wanda ya fi ba ni tsoro, domin ba ya zuwa da fuskar zunubi. Shi ne na mutumin da shagon nasa ne, keken nasa ne, ba mai tilasta masa, amma zuciya tana raya masa cewa in ya rufe yau ciniki zai koma wa maƙwabci. Ya fara da cewa bari ya sallami mutum ɗaya kafin a shiga sujada, wata Lahadin ya ce sai ya je ta yamma, bayan shekara guda sai ka ga ko ranar ba ya tunawa. Wannan ciwo tsoho ne. Annabi Amos ya tsawata wa 'yan kasuwar da suke ƙagara ranar hutu ta wuce su buɗe buhunan alkama, ya kuma nuna cewa su ne dai masu rage mudu da tauye ma'auni, domin zuciyar da ta ƙwace haƙƙin Allah ba za ta daɗe ba ta ƙwace na mutane. Nehemiya ma, da ya ga fatake daga Taya suna shigo da kifi Urushalima ran Asabar, sai ya sa aka rufe ƙofofin birni. Ku 'ya'yan manoma ne, kun san ko yunwa ta kai yaya, manomin kirki ba ya cin iri. Yana ɗaure damin nan daban a rumbu, yara na kallo, domin ya san cikinsa damina mai zuwa take. Lahadi ita ce irin mako. Wanda ya cinye ta zai ƙoshi yini ɗaya, amma zai shiga sauran kwanakin ba abin shukawa a zuciyarsa. Hausawa sun ce kwaɗayi mabuɗin wahala. Ban ce ba za ku yi hasarar ciniki ba. Za ku yi, wani lokaci ma mai yawa. Amma wannan hasara ita ce shaidar tawakkalinku, ita ce kuma wa'azin da maƙwabcinku zai karanta a jikin ƙofar shagonku kowane mako.

Ga wanda larura ta riƙe shi da gaske, ga abin da zai yi don kada ranar ta kuɓuce masa baki ɗaya. Ya shirya tun ran Asabar, ya gama wanki da guga da cefane, ya kwanta da wuri. Ya tashi da asuba ya tara iyalinsa ko abokan ɗakinsa, su karanta Littafi Mai Tsarki, su yi addu'a kafin ya fita; tun 1932 aka gama fassara shi da Hausa, ba wanda zai ce ba shi da abin karantawa. In majami'arsa tana da sujadar sassafe ko ta yamma, ya nemi wadda ta dace da shi. 'Yan Katolika ma an yarda musu sujadar yammacin Asabar ta tsaya a madadin ta Lahadi. In duk bai samu ba, kada taron addu'a na tsakiyar mako ko na matasa ko na zumuntar mata ya wuce shi. Ya aika da baikonsa ta hannun wani, ya tambayi abin da aka yi wa'azi a kai. Sauraron wa'azi a rediyo ko a waya yana da amfani ga wanda ke bakin aiki, amma ba ya maye gurbin zama cikin 'yan'uwa, domin zumunta a ƙafa take. Ranar da aka ba shi hutu kuma, ko Talata ce ko Alhamis, ya huta da gaske, ya ba Allah rabonsa a cikinta, kada ya mai da ita ranar neman wani kuɗin. Sa'an nan ya sa ido kada larura ta rikiɗe ta zama al'ada: in watanni suna wucewa bai zauna a teburin Ubangiji ba, to lokaci ya yi da zai nemi a sauya masa jadawali, ko ya fara roƙon Allah wata hanyar abinci.

Ina da magana kuma da ku da Allah ya ba Lahadi kyauta, kamar ɗaliban jami'ar tarayya ta Gashuwa da na kwalejin ilimi, da ma'aikatan ofis. Rashin zuwa aiki kaɗai ba shi ne tsarkake rana ba. Wanda ya shiga majami'a a makare, ya fita kafin a sa albarka, ya ƙarasa wunin a gidan kallon ƙwallo ko a kan waya, bai fi wanda ya wuni a kasuwa da kome ba. Bayan sujada akwai marar lafiya a asibiti da ba mai duba shi, akwai gwauruwa da marayu, akwai ɗaurarru a gidan yari, akwai iyaye da suke marmarin ku zauna ku yi hira da su. Waɗannan su ne ayyukan ranar.

Watarana kuma ku ne za ku zama iyayen gida, masu shaguna da yara a ƙarƙashinku, ko shugabannin da ke rubuta jadawalin aiki. Ran nan ku tuna dokar ta ambaci bawa da baiwa. Abin kunya ne mutum ya sa fararen kaya ya zauna a sahun gaba yana waƙa, alhali ya bar yaronsa a shago ko 'yar aikinsa a bakin murhu, ba su taɓa jin wa'azi ba. Ku ba Kirista Lahadinsa, ku ba Musulmi Juma'arsa, ku ba kowa hutunsa. Dattawan ikilisiya ma ina roƙonsu, kafin su tuhumi matashin da ba su gani ba, su je su ga inda yake wuni, su kuma duba ko za a buɗe sujada a lokacin da masu aikin dare da na safe za su iya samu, kamar yadda magabata suka yi.

Saboda haka, 'ya'yana, kada ku raina aiki, domin Manzo Bulus kansa da ɗinkin tanti ya ci abinci, ya kuma hana ikilisiya goyon malalaci. Ku yi kwana shida kuna aiki da gaskiya da riƙon amana, in Lahadi ta zo ku miƙa ta ga Mai ita da farin ciki. In larura ta karɓi wani sashe nata, ku ba ta gwargwadonta, ku tsare sauran. In kwaɗayi ne ya zo nema, kada ku ba shi ko sa'a guda. Allah ya sa albarka a cikin sana'arku, ya ba ku wadar zuci, ya tabbatar da ku cikin bangaskiya, ya kuma zaunar da ƙasarmu lafiya. Amin.